Ƙwallon Lambu a Inda Babu Lambu

A rediyo ana kiran golf ƙwallon lambu, kuma shekara da shekaru ban taɓa ganin aibin sunan ba. Duk wanda ya kalli wasan a talabijin abin da zai gani ke nan: ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, itatuwa a jere, furanni, tafki kwance a gefe. Sai da aiki ya kawo ni Dundee, a gabashin Sikotland, wani abokin aikina ya ɗauke ni wata Asabar zuwa wani ƙaramin fili a gaɓar tekun yankin Fife, sannan na ga irin ƙasar da wasan ya tsiro a kanta. Ko bishiya ɗaya babu. Tuddan yashi ne gajeru, suna hawa da sauka kamar kunyoyin gonar da aka daɗe da bari. Ciyawar ta yi ruwan ƙasa, ga wata ƙaya mai furen rawaya ta yi cunkus nan da can, ga teku a hannun dama yana ta ruri. Na ce a raina, ai wannan jigawa ce.

Jigawar ce kuwa. Filin da masu golf ke kira linkis shi ne zirin rairayin da ke tsakanin bakin teku da gonaki, wanda ruwa ya janye ya bari, iska ta tattara yashinsa tudu-tudu. Garma ba ta da abin yi a wurin, sai aka bar wa tumaki da zomaye da masu wasa. Ruwan sama ba ya kwanciya a kansa, yana sauka yashi na shanyewa, don haka ƙasar kullum a tsuke take, ciyawarta siririya mai jure ƙishi. A irin wannan wuri mutanen Sikotland suka yi ta bugun ƙwallo har abin ya dami hukuma: a 1457, zamanin Sarki James na Biyu, majalisa ta hana golf da ƙwallon ƙafa domin suna ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka.

Mu uku muka yi wasa ranar, ni da abokina da wani dattijo ɗan garin, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran famfo, ya haura shekara 70, yana jan 'yar jakarsa a kan keke mai ƙafa biyu. A rami na uku na tsaya, na ɗaga na'urar auna nisa, ta ce yadi 140 zuwa tuta. A Abuja wannan nisa ƙarfe mai lamba 8 nake ɗaukar masa ba tare da tunani ba. Na ɗauka, na buga da ƙarfina, bugu mai kyau, wanda hannu ke ji ya san ya zauna. Ƙwallon ta tashi sama, ta yi ta hawa, sai ta tsaya cak kamar shirwa, iska ta turo ta baya, ta faɗo yadi 30 kafin girin, wato dandamalin ciyawar da aka aske inda ramin yake. Dattijon bai ce komai ba. Ƙwallonsa na kusa da inda tawa ta tashi. Ya zaro ƙarfe mai lamba 5, ya riƙe shi can ƙasa-ƙasa, ya yi rabin lilo, ƙwallon ta fita a tsayin kafaɗar mutum, ta dira nesa da girin, ta yi tsalle biyu, ta bi gangaren wani tudu ta karkata hagu, ta gangara har kusa da tuta.

Da muna tafiya ya ce da ni, "Ɗana, na'urarka ta gaya maka inda tuta take. Ba ta gaya maka inda za ka ajiye ƙwallon ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin na taɓa jin irinta, da Hausa, fiye da shekara ashirin da suka wuce.

A Kano na koyi golf, a hannun wani tsoho da kowa ke kira Baba, wanda ya fara da ɗaukar wa Turawa jaka tun yana yaro. A lokacin ba mu da girin na ciyawa. Burawun muke da shi, da'irar yashi da aka cakuɗa da baƙin mai don kada iska ta kwashe shi, kafin ka yi bugun ƙarshe sai yaro ya ja ƙarfe ya share maka hanya daga ƙwallo zuwa rami. Daga Nuwamba zuwa Afrilu filin yakan bushe ƙamas, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Baba bai yarda ka ɗaga ƙwallo sama a irin wannan lokaci ba. Yakan ce, "Yaro, ƙasa ba abokiyar gabarka ba ce. Ba ta ƙwallon ta kai maka." Sanda ɗaya yake ba ni, mai lamba 7, ya ce in buga da ita daga yadi 120, daga 80, daga 40, daga 15, har sai hannuna ya san nawa ƙasa za ta ƙara a kan abin da na ba ta.

Da na koma Abuja na fara wasa a filin da ake ba ruwa, mai girin na gaske da ƙoramu da gadoji, sai na ajiye karatun Baba gefe. A can ƙwallo takan sauka ta lotsa ciyawa ta tsaya kusa da inda ta faɗi. Lissafin mai sauƙi ne: auna nisa, zaɓi sanda, tsallake ruwa, sauke a kan tuta. Haka kuma muke gani a gasannin Amurka. A hankali na ɗauka cewa abin da muke yi a Kano dabarar marasa hali ce, maneji ne kafin a samu ciyawa. Na yi wa tsohon nan rashin adalci, kuma sai a Fife na gane haka. Wasan ƙasa shi ne na asali. Na sama daga baya ya zo, bayan injin ban-ruwa ya tausasa filaye.

Wanda yake shakka ya duba abin da Tiger Woods ya yi a Hoylake, kusa da Liverpool, a gasar Open ta 2006. Bazarar shekarar ta yi zafi, filin ya ƙone ya yi launin gero, har ƙura na tashi idan sanda ta taɓa ƙasa. Mutumin da ya fi kusan kowa nisan bugu a zamaninsa ya ɗauki direba, babbar sandar bugun farko, sau ɗaya tak a cikin ramuka 72. Sauran yawanci da ƙarafa ya yi ta ajiye ƙwallo kafin ramukan yashi, ya yarda bugunsa na biyu ya yi tsawo in dai daga wuri mai kyau zai yi shi. Ya ci gasar da bugu 18 ƙasa da fa, fa kuwa shi ne adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani a kowane rami. Hotunan Hoylake na wannan mako, da a ce an dasa darbejiya biyu-uku a ciki, da sai ka rantse Kano ce a watan Janairu.

Amma kamannin yana da iyaka, kuma a iyakar nan na sha wuya.

Burawun ƙarami ne, a baje yake, kuma yashinsa yana kama ƙwallo. In ka samu ka jefa ta ciki, ta tsaya. Girin na linkis ba ya kama komai. Yana da tauri kusan kamar sauran filin, yana da faɗi, yana da doro da kwari, gefunansa sukan zubar da ƙwallo waje. Saboda haka 'yan nan ba nisan tuta suka fi tambaya ba, nisan bakin girin suke so su sani, daga nan su rage abin da ƙasa za ta ci. Idan iska na bayanka, sai ka sauke ƙwallo yadi 20 ko 30 kafin bakin, ka bar ta ta shiga da ƙafarta. Kuma kusa da girin, inda ni na saba zaro weji in ɗaga ta ta faɗo a hankali, su fota suke zarowa, sandar da ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. Na ga dattijon nan ya yi amfani da fota daga yadi 40 a waje. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Ciyawar a kwance take, babu katifa a ƙarƙashin ƙwallo, in bakin weji ya riga ya taɓa ƙasa da ɗan kaɗan sai ya yi tsalle ya sari ƙwallon a ciki, ta wuce girin kamar harsashi. Bugun fota ko ya ɓaci, ba ya ɓaci da yawa. Wannan lissafin, na zaɓar bugun da kuskurensa ya fi sauƙi, shi ne ginshiƙin wasan a nan.

Sai iska. Mu ma muna da ita, ba baƙuwarmu ba ce. Sai dai iskar hunturu mai alƙawari ce: daga arewa maso gabas take zuwa, ta fi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma, haka gobe, haka jibi. Ta bakin tekun Arewa ba ta da wannan hali. Yawanci daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa, amma tana iya juyawa kana tsakiyar wasa, kuma tsofaffin garin sun ce takan sauya tare da cikowar teku da janyewarsa. Tsofaffin filayen kuma a miƙe aka shimfiɗa su, ramuka tara ka tafi, tara ka dawo. Kana iya fita tana dukan fuskarka, kana lallashin kanka cewa za ta tura ka a dawowa, ka kai ƙarshe ka juyo ka tarar ita ma ta juyo. Iskar kuma mai nauyi ce, mai sanyi da laima, ƙwallo ba ta keta ta kamar yadda take keta busasshiyar iskarmu.

Abin da ya fi ba ni wahalar koya shi ne cewa ƙarfi yana ƙara ɓata lamarin. Jiki yana gaya maka ka ƙara ƙarfi tunda iska na tura ka. Amma bugu mai ƙarfi yana sa ƙwallo ta riƙa juyawa baya da sauri, wannan juyawar ce ke ɗaga ta, iskar gaba kuma ta ƙara ɗaga ta har ta tsaya ta faɗo. Maganinsa a ƙara sanda biyu, wani lokaci uku, a ja ƙwallon baya kaɗan tsakanin ƙafafu, a riƙe sandar a taƙaice, a buga a hankali. Yadi 140 na iya zama aikin ƙarfe mai lamba 4 da safe, ya koma aikin weji da la'asar. Idan kuma daga gefe take zuwa, ko dai ka nufi can waje, kan ƙaya ko kan teku ma, ka bar ta ta dawo maka da ƙwallon, ko ka lanƙwasa bugun ya yi kokawa da ita. Na farkon ya fi sauƙi ga irinmu, amma yana buƙatar zuciya, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya saita ƙwallonsa kan ruwa da gangan. Manyan gwanaye ma ba su tsira ba. A St Andrews a 2010 Rory McIlroy ya yi zagayen farko da bugu 63 cikin lumana, washegari iska ta taso har aka dakatar da wasa na ɗan lokaci domin ƙwallo ba ta tsayawa a kan girin, ya gama da 80.

Ramukan yashinsu ma ba irin namu ba ne. Namu faranti ne, marar zurfi, sau da yawa kana iya ci gaba da nufin girin daga ciki. Nasu rijiya ce. Ana cewa asalinsu tumaki ne ke fakewa daga iska har suka rarake gindin tuddai. Yanzu gina su ake yi, ana jera yankakkun ciyawa da ƙasarsu ɗaya bisa ɗaya kamar tubali, bangon ya miƙe, wani ya fi mutum tsayi. Bakin ramin ƙarami ne, amma ƙasar da ke kewaye da shi duk gangarowa take yi cikinsa, don haka ƙwallon da ta sauka yadi 15 daga gefe tana iya ƙarewa a ciki. Ranar da na fara faɗawa ɗaya, na ga girin ba nisa, na nufe shi. Ƙwallon ta daki bango ta dawo cikin sawun ƙafata. Na sake, ta sake dawowa. A na uku dattijon ya leƙo daga sama ya nuna mini gefe da hannu, inda bangon ya fi gajarta. Na fita ta nan da bugu ɗaya, ina kallon inda na fito. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma a cikin rami, da mutane tsaye suna jiranka, sai zuciya ta riƙa raya maka cewa tsoro ne. 'Yan nan tun suna yara aka cire musu wannan. Sun ɗauki faɗawa rami a matsayin tarar bugu ɗaya, su biya su wuce. Dokar da aka sabunta a 2019 ma ta ba mutum damar fitar da ƙwallon baya, wajen ramin gaba ɗaya, a kan tarar bugu biyu, kuma na ga masu hankali suna karɓar wannan ciniki.

Sai a shekarata ta biyu na samu shiga Tsohon Fili na St Andrews, ta hanyar ƙuri'ar da ake yi kwana biyu kafin ranar wasa. Nan ne a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, duniya ta bi. Na ɗauki kadi, wato mai ɗaukar jaka, kuma ina ba duk wanda zai je shawarar ya ɗauka, da ɗan gari akan ci gari. Filin yana da ramukan yashi 112, da yawansu ba a ganinsu daga inda ake bugun farko. A rami na 12 ka duba gabanka ka ga fili fetal, alhali tsakiyarsa cike yake da su, sun juya maka baya. Sai ka wuce ka waiwayo kake ganin bakunansu, domin a da ana zagaya filin ta ɗaya hannun ne. Manyan girin guda bakwai kowanne ramuka biyu ke raba shi, ɗaya na masu tafiya ɗaya na masu dawowa, kuma lambobin kowane biyu in ka haɗa 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, har zuwa 8 da 10. Wanda na 5 da na 13 ke rabawa ya kusa rabin filin ƙwallon ƙafa. Hawa girin a nan ba ya nufin an gama komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda filin ke yin ciniki da kai. Kusan ko'ina hagu akwai sarari, domin hanyar masu tafiya da ta masu dawowa a manne suke. Dama kuwa ƙaya ce, ko iyakar fili. Kana iya yin wasanka duka ta hagu ba ka ɓatar da ƙwallo ko ɗaya ba. Sai dai daga hagu, bugu na biyu dole ya bi ta kan ramukan yashi da doron ƙasa, ya sauka a inda girin ke kore ƙwallo. Wanda ya yi kasada ya bi dama, shi ake buɗe wa ƙofa. Ba a hana ka ko ɗaya ba. Kadina, wani mai furfura da ya ce ya fi shekara 30 yana wannan aiki, kafin ya ba ni sanda a wurin bugun farko sai ya fara duba inda aka kafa tutar ranar, can nesa. Daga tuta yake fara lissafi ya dawo baya: ta ina ake shiga, daga ina ake samun wannan kusurwa, wace sanda ce za ta ajiye ni a can ba tare da ta kai ramin da ke gaba ba. A gida kadi yakan ce, "Yallaɓai, direba," domin ya san abin da yallaɓai ke son ji ke nan. Wannan sau biyar ya hana ni direba, bai kuma nemi yardata ba.

Rami na 17 shi ne wanda kowa ke jira. Bugun farko ta saman wani ɓangare na otal ake yinsa, ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka. Girin ɗin siriri ne, a karkace, gabansa ta hagu ga wani ƙaramin rami mai zurfi, bayansa ga titi da katangar dutse, kuma duk cikin wasa suke. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya hau girin da bugu biyu, ya gangara ƙwallo da fota, gangaren ya ja ta cikin ramin, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya tashi da 9. A 2000 David Duval ma huɗu ya yi a cikinsa a ranar ƙarshe, a gasar da Woods ya ci ba tare da ya shiga ramin yashi ko ɗaya ba cikin kwana huɗu. A 2022 kuma Cameron Smith na Ostareliya ya sami kansa da wannan rami tsakaninsa da tuta, kofi na hannunsa in bai yi kuskure ba. Bai ɗaga ƙwallon ba. Ya ɗauki fota ya zagaya da ita ta leɓen ramin, ya yarda ta tsaya ɗan nesa da tuta, ya jefa ta biyun, ya ci gasar da bambancin bugu ɗaya. Ni kadina cewa ya yi in ɗauki ramin a matsayin mai bugu biyar ko da yake huɗu aka rubuta, in ajiye na biyu gaban girin ta dama. Na bi maganarsa, na tashi da biyar, na kuma ji daɗinta fiye da fa da yawa da na taɓa yi.

Carnoustie ba ta da nisa da Dundee, kuma na je na tsaya a bakin ƙoramar Barry, wadda ta ratsa rami na 18. A 1999 Jean van de Velde na Faransa ya iso nan a zagayen ƙarshe na gasar Open yana gaba da bugu uku. Shida yake buƙata a ramin da aka ƙayyade wa huɗu. Ya ɗauki direba, ƙwallon ta yi dama sosai amma ta tsira. Maimakon ya ajiye ta biyun kafin ƙorama, ya nufi girin da ƙarfe mai lamba 2, ta daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ta dawo baya cikin doguwar ciyawa. Ta uku ta faɗa ruwa. Ya tuɓe takalmi da safa ya shiga, ya duba, ya haƙura ya karɓi tara, ta biyar ta faɗa yashi, ya gama da 7. Paul Lawrie, ɗan Sikotland da ya fara ranar yana baya da bugu 10, shi ya ɗauki kofin a wasan raba gardama. Mutane suna ba da labarin nan suna dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Tsalle daga ƙarfen rumfa rashin sa'a ne na gaske, sau ɗari a buga ba zai sake faruwa haka ba. Laifinsa ɗaya ne, ya ba rashin sa'a ƙofar shigowa a lokacin da yake da halin rufe ta da ƙananan bugu uku.

Rashin sa'ar ma wani bambanci ne tsakaninmu. A gida, da rani, mukan yarda a ɗaga ƙwallo a gyara mata wurin zama kafin a buga, tunda ƙasar ba ciyawa. Da dalilinsa, amma ya saba mana da tunanin cewa bugu mai kyau yana bin mu bashin sakamako mai kyau. A linkis ba a yi wa kowa wannan alƙawari ba. Ka buga tsakiyar hanya, ƙwallo ta sauka a bayan wani ɗan doro ta yi tsalle zuwa ƙaya. Abokin wasanka ya kuskure, tudu ya dawo masa da tasa. A 2009 a Turnberry Tom Watson, yana da shekara 59, yana buƙatar huɗu a ramin ƙarshe ya ci Open karo na shida. Ya buga ƙarfe mai lamba 8 daidai yadda ya nufa, ƙwallon ta sauka a girin, ta ƙi tsayawa, ta gangara baya. Ya yi biyar, Stewart Cink ya doke shi a raba gardama. Baƙi da yawa sukan ce wannan ba adalci ba ne. Ban yarda da su ba. Wanda ya taɓa noma ya san kana iya yin komai daidai damina ta ƙi, kuma wannan bai sa a daina bambanta manomin kirki da rago ba. A zagaye ɗaya sa'a na iya rinjaye. A shekara guda, dattijon nan mai gyaran famfo, wanda bugunsa mafi nisa bai kai nawa da yadi 60 ba, ya cinye ni sau da yawa fiye da yadda na cinye shi, domin kullum ya san gefen da zai kuskure ya tsira.

Ba zan wuce ba tare da na faɗi wani abin da ya tsaya mini ba. A garuruwan nan golf wasan kowa ne. Direban bas, malamin makaranta, yaro ɗan shekara goma da jakarsa a baya, ba mota, yawanci ba kadi, su gama ramuka 18 cikin sa'a uku da 'yan mintoci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, mutum ya tashi aiki ya yi cikakken zagaye kafin magariba. Tsohon Fili kansa ƙasar jama'a ce, ranar Lahadi ba a wasa a kansa in ba gasa ake yi ba, iyalai ne ke yawo da 'ya'yansu da karnukansu a inda zakarun duniya ke fafatawa. Mu kuwa wasan ya zo mana ta hannun Turawan mulki da na haƙar kuza, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, kuma har yau bai gama fita daga bayan shinge ba. Ina ganin burin mayar da kowane fili lambu yana cikin abin da ke riƙe shi a can. Ciyawa shar a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai tana cin rijiyoyin burtsatse da dizal da taki, kuɗin kuma a kan 'yan kulob yake komawa. Ba ina cewa a tone girin a mayar da baƙin mai ba, wannan ya wuce kuma ba shi da kyau ga ƙasa. Ina cewa a shayar da girin kawai, a bar sauran filin ya bushe ya yi gudu yadda Allah ya yi shi, a daina jin kunyar launinsa. A nan idan fili ya yi ruwan ƙasa a watan Yuli murna suke yi, suna cewa ya nuna.

Baba ya rasu tun kafin in bar Najeriya, Allah ya jiƙansa. Ɗansa na nan yana koyar da yara a filin da uban ya yi aiki. Makon jiya na kira shi na ba shi labarin dattijon Fife da ƙarfensa mai lamba 5. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai sandar Baba mai lamba 7 tana nan a ɗakina, bakinta duk ya cinye." Na roƙe shi ya ajiye mini ita. Hutuna a Disamba zai faɗo, lokacin hunturu ya kankama ƙasa ta yi tauri, mun yi da shi za mu fita da sassafe mu biyu, kowa da sanda ɗaya da fota.